Rediyo Ɗan Murji

A Bakori an yi wani mai gyaran rediyo ana ce masa Tasi'u. Hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu, sai dai Allah ya jarrabe shi da cutar nan ta masu gyara: ba ya iya ganin abu na zaune lafiya bai kwance shi ya leƙa cikinsa ba. Shekararsa talatin da ɗaya ba aure, kuma duk garin an san inda ya sa ido. Saudatu ce, malamar firamare, 'yar Malam Barau na bayan kasuwa. Ita ta yarda, mahaifiyarta ta yarda, har kawun Tasi'u ya sa babbar riga ya je ya yi gaisuwa. Malam Barau ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce ya ji, ya kuma gode, a koma a saurara, in lokaci ya yi shi da kansa zai ce a turo. To wannan kalma guda, "turo", ita Tasi'u ke jira, har an ci wata biyar ba ta fito ba.

Shi Malam Barau tsohon masinja ne a ofishin gona, ya yi ritaya, kuma tun da ya ajiye aiki bai da wata sana'a sai rediyo. Daga an sallame la'asar zai shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, amininsa Malam Iro ya zo ya zauna, su kunna, ba mai tashi sai an kira magariba. Abin da ya fi so shi ne filin gaishe-gaishe, inda ake karanta katin masu saurare. Shi ma kati yake aikawa, ya gai da mutanen Funtuwa, ya gai da na Ɗanja, ya gai da wani direba da suka taɓa haɗuwa sau ɗaya a tasha. Kullum kuma yana mitar abu biyu. Na farko, mutanen gidan rediyo sai kati ya yi wata biyu a hannunsu kafin su karanta. Na biyu, duk wannan gaisuwa da yake rabawa, ba a taɓa samun ɗan halak ɗaya da ya mayar masa ba.

Sai kuma batir. Wuta ba ta zuwa unguwar sai ta ga dama, batir ɗin zamani kuwa kwana biyu ya yi sanyi. Malam Barau ya shanya su a rana, ya gartsa musu haƙori, ya buga su da dutse, duk don su ƙara ko da labarai ɗaya ne.

Saudatu ce ta ba Tasi'u shawara mai sauƙi. Ta ce, "Ka sayo wa Baba batir kwali guda ka kawo. Wallahi ranar zai ce ka turo."

Da ya ji maganar nan da yanzu 'ya'yansu sun shiga makaranta. Amma ina, mai gyara ne. Ya ce batir ai ko mai shayi ya iya sayowa, shi zai kai abin da ba a taɓa kai wa suruki ba a ƙasar Katsina. Ya rufe shago kwana uku. Ya ciro maganaɗisu daga wata tsohuwar lasifika, ya nannaɗe siririyar wayar tagulla har yatsunsa suka yi kanta, ya lallaɓa ya zare hannun injin taliyar mahaifiyarsa, ya haɗa duka a cikin wani akwatin katako. In ka murza hannun, maganaɗisun ya juya a tsakiyar wayar, sai 'yar wuta ta taso, ba mai yawa ba, daidai abin da zai sa rediyo magana. Abu guda ne bai sa ba, wato ma'ajiyar wuta. In ana murzawa akwai magana, da an saki hannu shiru.

Ran nan da la'asar ya sa wankakkiyar riga ya ɗauki akwati. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya ƙaraso ya tsuguna a gefen tabarma, kansa a ƙasa, ya kwashi gaisuwa. Ya tarar Malam Barau na cizon batir.

"Baba, ɗan wani abu ne na haɗa," in ji shi. "In an yarda in gwada."

"Mene ne, ɗan nan? Injin taliya?"

"Na wuta ne, Baba. Ba ya cin batir, ba ya shan mai. Motsi kawai yake so."

Malam Iro ya ce, "To ai mu ma haka likita ya ce mana."

Tasi'u ya jona waya biyu a bayan rediyon, ya danne akwatin da hannun hagu, ya kama murzawa da dama. Rediyo ya yi tari, ya yi shaƙuwa, sai ga murya tangaram ana bayanin takin zamani. Malam Barau ya tofar da batir ɗin bakinsa. Ya leƙa bayan rediyon ya ga ramin batir wayam, ya dubi Malam Iro, ya ce, "La ilaha illallahu! Iro, yaron nan da hannu yake tatso mutane."

Daɗi ya kama Tasi'u har kunnuwansa suka yi zafi. Can sai tsohon ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in taɓa in ji."

A nan ne Tasi'u ya kashe kansa. Ladabi ya ɗebe shi, ya ƙara sunkuyar da kai, ya ce, "Haba Baba! Ina raye ka murza? Ai wannan aikina ne."

Malam Barau ya janye hannu a hankali, ya gyara zama, ya jingina da darbejiya. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka ji tarbiyya, Iro."

Duk wanda ya taɓa neman aure a ƙasar nan ya san dokar gaban suruki. Ba ka hawa tabarmarsa, ba ka haɗa ido da shi, in an kawo ruwa ba ka sha, in an yi dariya kai murmushi ne naka, kuma ba ka tashi sai an sallame ka. Duk wannan da sauƙi in gaisuwar minti biyar ce. Tasi'u kuwa a tsugune ya murza bayanin taki, ya murza labaran duniya, ya murza sanarwar ɓatan wata akuya, ya murza filin gaishe-gaishe daga farko har ƙarshe. Wani ƙuda ya sauka a kan hancinsa ya zauna abinsa, don ya lura hannu biyun duk suna bakin aiki. In ya ɗan sassauta murya ta yi ƙasa, sai Malam Barau ya ce, "Mai labaran nan yau bai ci abinci ba ne?" Sai Tasi'u ya ƙara wuta.

Da aka kira magariba tsohon ya miƙe yana naɗe tabarma. Tasi'u ya kasa kunne, yana jiran kalmar nan. Malam Barau ya dube shi da fara'a ya ce, "Madalla. Gobe huɗu daidai suke farawa."

Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako, mako ya zama wata. Kullum ƙarfe huɗu saura Tasi'u zai ja ƙofar shago, ya bar masu kawo gyara a tsaye, ya tafi bakin aiki. Mutanen unguwa suka gane akwai rediyon da ba ya mutuwa, majalisar mutum biyu ta koma ta mutum tara, har mai rake ya dawo da baronsa wurin. Aka raɗa wa akwatin suna Ɗan Murji, ba a jima ba sunan ya tashi daga kan akwatin ya koma kan mai shi. Mahaifiyarsa kuma ta daina yi masa magana sai a kan hannun injinta.

Jiki ma ya fara ba da shaida. Ya je wurin tela awon riga, tela ya auna damtsen dama, ya auna na hagu, ya sake aunawa, sannan ya ajiye tef ya ce, "Malam, rigar ta mutum ɗaya ce ko ta mutum biyu?" In ya ba mutum hannu a gaisa sai ya ji yana juya shi. In ya zauna cin tuwo, hannun sai ya zagaya kwano sau uku kafin ya sami hanyar baki. Abin dariya ne ga kowa, amma shi ba dariya a ransa, don yana son yarinyar nan da gaske, kuma kullum ya dawo gida ba kalmar sai ya ji kamar ya yi kuka.

Ya gwada dabara. Ya samo ƙaramin batir mai caji ya ɓoye a cikin akwatin, yadda in an murza na ɗan lokaci wuta za ta taru, rediyo ya ci gaba da kansa. Ranar ya murza kaɗan, ya saki hannu, murya ba ta tsaya ba. 'Yan majalisa suka yi kabbara. Malam Barau ya karkata kai ya saurara, ya ɓata fuska.

"Me ka yi masa?"

"Gyara ne, Baba. Yanzu yana ajiye wuta."

"A'a. Wannan muryar kwanan wuta ce, ba ta da ɗanɗano. Iro, ba ka ji ba?"

Malam Iro, wanda rabonsa da jin wani abu sosai tun mulkin soja, ya ce, "Ƙwarai kuwa, ta yi tsami."

"Cire, ɗan nan. Mu mun fi son sabuwa, mai zafi, daga hannu."

Ya cire. Bayan mako biyu ya sake wata dabarar. Ya zare waya guda a ciki, ya zo ya murza, shiru. Ya yi fuskar jimami ya ce inji ya lalace, kuma kayan gyaransa sai an aika Legas. Malam Barau ya ɗauki hularsa ya sa, ya fara laluben takalmi.

"Ina zuwa, Baba?"

"Wurin Sabi'u zan kai shi, mai gyaran nan na bakin tasha. An ce yaron kirki ne. Na ji ma an ce shi ma bai yi aure ba."

Kafin tsohon ya sami ƙafar takalmi ta biyu inji ya warke.

Ranar Asabar da hantsi Tasi'u ya sami Saudatu a zaure, ya zauna yana matsa kafaɗa. Ta dube shi, tausayi da dariya suna kokawa a fuskarta.

"Na faɗa maka ka sayo batir," ta ce.

"Saudatu, don girman Allah, me na yi wa Baba? Laifina mene ne?"

"Ba ka da laifi, abin da ya ɓata maganar ke nan. Jiya na ji Inna ta tsare shi, ta ce yaron nan zai mutu a ƙofar gidanmu. Ya ce shi bai ga aibinka ba ko ɗaya. Abin da yake tsoro, wai suruki da injin nan halinsu ɗaya, ba sa ajiye wuta. Ana sakin hannu, shiru."

Tasi'u ya riƙe kai. "To in Kawu ya koma fa?"

"Ya ce kar wanda ya zo sai ya kira. Kai dai ka buɗe baki ka yi masa magana."

"Ni? Da wane bakin? In dubi Baba in ce ya ba ni ke? Ai gara ƙasa ta tsage."

Ta ɗan yi wasa da bakin mayafi. Can ta ce, "Baba ba ya jin maganar Inna, ba ya jin ta liman, ba ya jin ta likita. Duk duniya abu ɗaya yake saurara bai katse shi ba."

Suka dubi juna. A ranar Tasi'u ya sayi katin gaishe-gaishe, Saudatu ta ba shi biro, ya cika shi gaba da baya, ya ba direban Katsina ya kai gidan rediyo. Daga nan ya shiga jira na biyu a kan na farko. Sai yanzu ya gane mitar tsohon gaskiya ce. Mako ɗaya, mako uku, mako biyar, kullum ya murza filin tun daga kiɗan buɗewa har na rufewa, a gai da na Malumfashi, a gai da na Ƙafur, a gai da masu kifi na bakin dam, nasa shiru. Hannun dama ya ƙi, ya koma murzawa da hagu.

Ranar wata Laraba, mako na bakwai, majalisa ta cika maƙil, har da wasu baƙi biyu da suka tsaya shan rake. Mai gabatarwa ya karanta kati huɗu, ya gyara murya, ya ce, "Sai kuma wannan kati daga Bakori. Gaisuwa ce ta musamman, ta ban girma, zuwa ga dattijon arziki, Malam Barau na bayan kasuwa..."

Malam Barau ya zabura har hularsa ta faɗi. "Iro! Ni ne! Wallahi ni ne!"

Shi kuwa Tasi'u, da ya ji abin da ya yi mako bakwai yana jira ya iso, sai kunya ta rufe shi. Ya tuna abin da ya rubuta, ya dubi yawan mutanen da ke wurin, hannu ya fara mutuwa. Murya ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta koma kamar sauro.

"Murza!" in ji Malam Barau. "Kai, murza! Shekara goma sha ɗaya ina jiran wannan!"

"Baba, hannun ne..."

"Sa ɗayan! Sa duka biyun! Iro, danne masa akwatin!"

Malam Iro ya hau akwati da gwiwa. Tasi'u ya runtse ido ya kama da hannu biyu ya murza iya ƙarfinsa, rediyo ya buɗe murya yadda bai taɓa yi ba, har matan cikin gida suna ji.

"...daga ɗansa mai biyayya, Tasi'u mai gyaran rediyo. Yana gai da Baba da kyau da kyau. Yana kuma roƙon arziki, don Allah don Annabi, Baba ya ce a turo. Ya ce hannun dama ya ƙare, na hagu ma ya kusa, kuma mahaifiyarsa na neman hannun injin taliyarta. To Malam Barau, in kana saurare, a duba lamarin yaron nan. Sai kati na gaba..."

Sai mai rake ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka, ɗaya daga cikin baƙin har da faɗowa daga kan benci. Daga cikin gida aka ji wata ta rangaɗa guɗa, aka kuma ji an ce mata ta yi shiru. Tasi'u dai kansa na tsakanin gwiwoyinsa, gumi na ɗiga, amma hannu bai tsaya ba, don ba a ce ya tsaya ba.

Malam Barau ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe, ya mayar. Ya daɗe yana kallon saurayin.

"Tasi'u."

"Na'am, Baba."

"Kai ne ka faɗi wannan magana a gabana?"

"Ni ban buɗe baki ba, Baba. Murzawa kawai nake yi."

Majalisa ta sake kecewa. Malam Iro ya share hawaye da bakin riga ya ce, "Barau, ka ji tsoron Allah. Duk jihar nan ta ji. Yaron nan ya yi ladabi, ya yi haƙuri, ga shi shi kaɗai ne ya taɓa gaishe ka a rediyo. Ka ba shi amsa mana."

"Amsa kam dole," in ji Malam Barau. "Wanda ya gaishe ka ai sai ka amsa. Kuma amsa ce mai daɗi, ba zan ɓoye ba."

A karo na farko cikin wata huɗu Tasi'u ya ɗago kai ya dubi tsohon, hannunsa ya tsaya cak, rediyo ya ɗauke.

Malam Barau ya jingina da darbejiya, ya miƙe ƙafa, ya nuna akwatin da haɓa.

"Tunda ta rediyo ka tambaya, ta rediyo za ka ji. Gobe zan aika musu da kati. Murza, ɗan nan, kar ta wuce mu."